Cin Abinci a Fredericksburg: Kafin Ka Tura Ƙofar Gidan Jamusawa

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Houston ko Dallas, ko ɗalibin da ke karatu a Austin, da wuya a ce wani bai taɓa ce masa "ku leƙa Fredericksburg mana ku sha iska" ba. Ɗan ƙaramin gari ne a cikin tuddan tsakiyar jihar Texas, mutanensa wajen dubu 11. Daga Austin tafiyar awa ɗaya da rabi ce, daga San Antonio ƙasa da haka kaɗan, wanda ya taso daga Houston kuwa sai ya ba hanya awa huɗu. Jamusawa ne suka sari garin a 1846 ƙarƙashin John O. Meusebach, suka raɗa masa sunan Yarima Frederick na Prussia, da shekara ta zagayo kuma Meusebach ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da ƙabilar Comanche da suka tarar a wurin. Har gobe akwai 'yan tsirarun tsofaffi masu jin wani irin Jamusanci da ya girma a Texas, sannan babban titin garin, Main Street, wasu alluna Hauptstrasse suke kiransa.

Yawo a titin nan ba ya ba da wahala. Wahalar tana zuwa ne da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da yara suka fara ƙorafin yunwa, ga ƙofofi birjik hagu da dama, kowacce da tutar Jamus da sunan da harshe ba ya iya lanƙwasawa. Ga mafi yawanmu, tambayar ba ta tsaya kan daɗi da farashi ba. Girkin Jamusawa a kan alade da giya aka ɗora tukunyarsa, kuma ba kullum takardar abinci ke faɗa maka haka ba.

Bari in fara da tsofaffin gidajen abincin Jamusawa, irin su Der Lindenbaum da ke kan Main Street, domin saboda su ne akasarin baƙi ke zuwa. Ɗaki ne na dutse, tebura kusa da juna, abinci mai nauyi a babban faranti. Sarkin abinci a irin waɗannan gidaje shi ne schnitzel: nama ne ake bugawa har ya yi faɗi ya yi siriri kamar za a yi kilishi, a turmusa shi a fulawa, a tsoma a ƙwai, a lulluɓe da garin busasshen burodi, a soya, a kawo maka da yankan lemun tsami. A Ostiriya da Jamus, idan an ce Wiener Schnitzel to naman maraƙi ake nufi, na alade kuma a rubuta masa "Wiener Art", wato mai kama da shi. A Amurka ba kowa ke kiyaye wannan bambanci ba, kuma schnitzel ɗin da ba a faɗi namansa ba, ka ɗauke shi na alade har sai an tabbatar maka da akasin haka. Gidaje da dama suna ba da zaɓi tsakanin alade da maraƙi da kaza. Na maraƙi ya fi tsada, ya fi laushi, kuma in dai za ka ci abincin Jamusawa sau ɗaya ne a tafiyar, ni shi zan nuna maka. Ka karɓe shi hakanan da lemun tsaminsa. Wanda ake kira Jägerschnitzel ana malala masa miyar naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima (mushroom), mai ruwan ƙasa-ƙasa, miyar da sau da yawa ake tashinta da kitsen alade ko a ɗiga mata giyar inabi.

Naman shanu ma yana da nasa tarkon. Rouladen da ido za ka ce ya dace da kai, tunda naman sa ne da aka naɗe kamar tabarma, amma a cikin naɗin akwai albasa da kokwamba mai tsami da mustad da kuma siririn yankan naman alade, haka asalin girkin yake. Sauerbraten naman sa ne da ake jiƙawa kwanaki a cikin khal da kayan ƙamshi kafin a dafa, kuma galibi ruwan jiƙon akwai jar giyar inabi a ciki. Sosej kuwa, wanda za ka ga sunayensa na ƙarewa da "wurst", ka sa masa ido daga nesa. Ko an ce na sa ne zalla, fatar da aka ɗura shi a ciki yawanci hanjin alade ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe ba a kan naman ba ne, a kan 'yan rakiyarsa ne. Zuwana na farko, a wani gida da ba sai na kama suna ba, na yi ta murna na samo wa uwargida schnitzel na kaza. Da mai kawo abinci ta tambayi abin haɗawa, na ce dankalin turawa da kabeji, ina ganin ai ganye da dankali ba su da laifi. Faranti ya iso, dankali da ɗumi, yana ƙyalli, yana ƙamshin tsami. Uwargida ta sa cokali mai yatsu ta juya shi, sai ga 'yan jajayen gutsattsari a maƙale. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan fa?" Ashe kwaɗon dankalin Jamusawa irin na ɗumi da soyayyen naman alade da mansa ake haɗa shi. Ba wanda ya ɓoye mana komai, ni ne ban tambaya ba. Haka jan kabeji mai zaƙi-zaƙi da farin kabeji mai tsami, sauerkraut, ana yawan dafa su da kitsen alade. Aka canza mana da dafaffen dankali ba tare da wata gardama ba, amma ranar na koyi darasi.

Saboda haka kada ka tsaya kan kalmar pork kaɗai idan kana tambaya. Ba'amurke da yawa in ka ce masa ba ka cin pork, tunaninsa tsokar nama yake tafiya, ya manta da bacon da ham da lard, wato yankakken mai kitse, da kyafaffen cinya, da man alade. Ka ambace su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara da tambayar ko an sa wine ko beer a miya. A takardar abinci kuma, Schwein da Speck da Schinken duk alade ne. Kalb maraƙi ne, Rind sa, Hähnchen kaza, Ente agwagwa, Forelle kuma kifin ruwan daɗi. Ma'aikatan gidajen abinci a Amurka sun saba da masu tambaya saboda lalurar jiki, ba za su ga baƙonka ba, kuma za su shiga kicin su tambayo mai girki in ba su da tabbas.

Akwai kuma maganar yanka. Wasu 'yan'uwa suna cin naman sa da kaza a irin waɗannan wurare bisa fahimtar aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kan abincin Ma'abota Littafi, wasu kuma ba sa taɓa naman da ba yankan Musulmi ba. Wannan tsakaninka da malaminka ne. In kana cikin kashi na biyu, ka ci namanka a Austin ko San Antonio inda gidajen halal suke da yawa, a nan kuma ka nemi Käsespätzle, wata 'yar taliya ce ta ƙwai da fulawa mai laushi, da narkakken cuku da soyayyar albasa a kai. Ka ce kada a barbaɗa mata komai na nama. Akwai kuma wainar dankali, Kartoffelpuffer, da ake gurza ɗanyen dankali da albasa a soya, a ci da markaɗaɗɗiyar tuffa. Yaranmu ita suka fi so, duk da sun tsaya mamakin yadda za a haɗa abin gishiri da abin zaƙi.

Kashi na biyu na gidajen abincin su ne lambunan giya, Biergarten, irin su Auslander da Altdorf, da kuma Fredericksburg Brewing Company da ke dafa giyarsa tun 1994. Fili ne ko rumfa, dogayen tebura, makaɗa a gefe, hayaniya da raha. Sunan ya riga ya faɗi abin da ake yi. Ana zuwa da iyali da rana, ana kuma samun lemo da shayi mai ƙanƙara, amma kowane tebur kofunan giya ne a jere. Wanda zuciyarsa ba ta natsuwa da zama a irin wannan wuri, ba abin da zai rasa na abinci in ya wuce, domin ƙarfinsu a sosej yake. Abin da ya fi dacewa da mu a nan shi ne pretzel, burodin nan mai kama da ƙullin igiya da manyan ƙwayoyin gishiri a kai. Ka ci shi da mustad, ka bar miyar cukun da ake kawowa tare, don da giya ake dama ta.

Ni dai in an bar ni da zaɓi ɗaya, gidan burodi zan nufa da sassafe. Old German Bakery da ke ɓangaren yamma na Main Street karin kumallo da abincin rana yake yi, ba a zuwansa da dare. A irin wannan wuri kuɗinka ya fi auki, kuma abin gujewa a fili yake: ka ce ƙwai da dankali da burodi, ban da nama. Ga fanken Jamusawa mai faɗi, ga baƙin burodi mai ɗan tsami, ga strudel, wato siririn kwaɓin fulawa da aka naɗe tuffa da kirfa da zabibi a ciki. Kayan zaƙi ma suna son tambaya ɗaya. Kek ɗin nan mai cakulan da ceri da ake kira Black Forest, asalinsa da barasar ceri ake jiƙa shi, wasu kuma suna jiƙa zabibin strudel a barasa. Layi yana tsawo ranar Asabar da Lahadi, don haka wanda ya yi sammako shi ke samun tebur.

Ga mai son zama na musamman, ango da amarya ko wanda ya yi baƙo mai daraja, akwai ƙananan gidaje masu tsada da ke yi wa girkin Jamusawa sabon salo. Otto's German Bistro ya yi suna da schnitzel na agwagwa. Farantin ya fi ƙanƙanta, farashin ya fi girma, kuma sai ka kama wuri tun kafin ranar. Amfaninsu gare mu shi ne ana girka kowane faranti ne bayan ka nema, don haka in ka ce a cire kaza-da-kaza ana iya cirewa, saɓanin tukunyar da aka ɗora tun safe. Ba wurin zuwa da yara huɗu ba ne.

Kada kuma ka manta a Texas kake. Bandar naman ƙirjin sa da jihar ke alfahari da ita, brisket, ta samo tushe ne daga mahautan Jamusawa da 'yan Czech na wannan yanki, waɗanda ke kyafe naman da ya yi kwantai don kada ya lalace. Bahaushen da ya san balangu ba zai ji shi baƙo ba, sai dai gishiri da masoro ne kawai yajinsa, don haka ka taho da naka a jaka. Ka sani cewa a murhu ɗaya ake kyafe shi da haƙarƙarin alade, kuma wuƙa ɗaya ke yanka su in ba ka yi magana ba. Waken da ake bayarwa tare shi ma ka tambayi abin da ke ciki.

Batun kuɗi, farashin da ke takarda ba shi ne abin da za ka biya ba. Za a ɗora harajin kashi 8.25 cikin ɗari, sannan tukwicin mai hidima, wanda a Amurka ya zama kamar wajibi, kashi 18 zuwa 20. Abincin dala 100 zai tashi wajen 128. In kuna da yawa, ka duba takardar kuɗin da kyau, don wasu gidaje suna saka tukwicin da kansu. Ruwan sha kyauta ne, farantin kuma yakan ishi mutum biyu, ba kuma abin kunya ba ne ka nemi mazubi ka tafi da ragowar.

Lokacin zuwa yana canza komai. Manoman farko na garin gonakinsu suna nesa, sai suka riƙa gina 'yan ƙananan gidaje a cikin gari, masu matakala ta waje, inda suke sauka ranar Asabar su yi cefane, su kwana su je coci. Gidajen Lahadi ake ce musu, wasu suna nan har yanzu ana ba baƙi haya. Ɗabi'ar ba ta canza ba, garin a ƙarshen mako yake cika, sai dai yanzu mutanen Austin da Houston ne ke cika shi. Talata zuwa Alhamis za ka zauna inda ka ga dama, amma ka duba tukuna, don ƙananan gidaje kan rufe kwana ɗaya ko biyu a mako, kuma gari ne mai kwanciya da wuri. Ƙarshen makon farko na Oktoba bikin Oktoberfest ake yi a dandalin Marktplatz, bikin giya ne da kiɗa, ba ranar neman tebur a natse ba ce.

In ka zo tsakanin Mayu da Agusta, ka rage wuri a cikinka. Yankin ya shahara da noman fich, ɗan itace mai girman ƙaramin mangwaro, da laushin gashi a ɓawonsa da ƙwallo ɗaya a tsakiya. Rumfunan manoma suna jere a bakin hanya mai lamba 290, wasu har da askirim ɗinsa suke sayarwa. Nan ba sai ka yi wa kowa tambaya ba. Ka zaɓi wanda ya fara laushi a wajen hanci, ka sayi na ci yau daban da na kai wa gida daban, kuma ka ci na farkon a tsaye kana sunkuye, don ruwansa ba ya tausayin farar riga.