Man kifi ko ƙwayar kurkum bayan mura: amsa ga Hajiya

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kin ce mura ta sake ki kwana 10 ke nan, amma gaɓoɓi na ciwo, jiki ba ƙwari, kuma mai kemis ya ɗora miki kwalabe biyu a kanta, man kifi da ƙwayar kurkum, wai duk suna kwantar da kumburin cikin jiki. Kina tambaya wanne ya fi.

In dole sai an zaɓa, man kifi zan ce. Amma ki sani, wannan tsamin jiki ragowar faɗan da garkuwar jikinki ta yi ne da ƙwayar cutar, kuma ga yawancin mutane da kansa yake lafawa. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi wa magungunan nan biyu a kan masu amosanin gaɓɓai da masu ciwon zuciya aka yi su, na tsawon makonni da watanni.

Kurkum shi ne na fi jin tsoro, kuma na san wasu za su yi mamaki tunda abin girki ne. Wanda muke barbaɗawa a shinkafa, yatsu su yi ɗorawa, ba shi da wata matsala: sinadarin da ake nema a cikinsa bai wuce kamar kashi 3 cikin 100 na garin ba, hanji ma ba ya tsotsarsa sosai. Shi ya sa kamfanoni ke tace shi, su haɗa da sinadarin masoro. Wani gwaji da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna masoron na ninka abin da ke shiga jini har sau 20. To nan gizo ke saƙa. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun janye wasu ƙwayoyin kurkum daga kasuwa bayan mutane sun kwanta da kumburin hanta, a Amurka ma likitoci sun ga irin haka. Mu kuwa a nan, mutane da yawa na yawo da ciwon hanta nau'in B ba su taɓa gwaji ba. Ga mai tsakuwar matsarmama da mai juna biyu ma, su nisanci ƙwayar. Duk wanda ke sha ya ga ido ya yi rawaya ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ya ajiye nan take ya tafi asibiti.

Man kifi ya fi sauƙin sha'ani, sai dai ki juya bayan kwalbar. Gaba za ki ga 1000mg, a baya kuma sau da yawa EPA 180, DHA 120 (sinadarai biyun da ake nema a man kifi ke nan), wato 300mg kacal ne mai amfanin. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, sannan ki huda ƙwaya ɗaya ki shinshina. Idan warin ya yi kaifi kamar man da aka daɗe ana suya da shi, zafin shago ya gama da shi. Kada kuma a ce yawa ya fi: a gwajin da aka riƙa ba mutane giram 4 kullum, an samu ƙarin masu rikicewar bugun zuciya. Ni kam da kuɗin kwalbar gara ki sayi titus ko sardin ki ci sau biyu a mako, man ɗaya ne, ga daɗin baki.

Abu ɗaya ya haɗa su: in kina shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, ko za a yi miki tiyata, kada ki fara ko ɗaya sai likitanki ya sani.

Kin kuma ambaci tari, Hajiya, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Idan ya kai mako 2, ki je a gwada majina, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zazzaɓi in ya dawo kuma, a fara da gwajin maleriya kafin a sayi wata kwalba.