Haɗa tsohuwar kwamfuta da filasma: me za ka saya a tsakaninsu?

Kafin ka fitar da ko sisi, juya kwamfutar ka duba bayanta. Ramukan da ke wurin su za su gaya maka abin da za ka saya, domin akwatin juya sigina da ya dace da Amiga ba lallai ya yi wa Commodore 64 amfani ba.

Ga inda matsalar take. Commodore 64 da ZX Spectrum da suka fito a 1982, da Amiga 500 ta 1987, duk don talabijin mai ƙaton baya aka ƙera su. Layi kusan 15,600 suke zanawa a daƙiƙa, alhali allon kwamfuta na VGA daga 31,500 yake farawa, shi ya sa sauya kan waya kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Sannan talabijin ta saba karɓar hoto rabi-rabi: ta zana layi na 1, 3, 5, ta dawo ta cike na 2, 4, 6. Su kuwa waɗannan kwamfutoci kan layukan farko suke ta maimaitawa, cikakken hoto mai layi 288 sau 50 a daƙiƙa idan ta Turai ce, 240 sau 60 idan ta Amurka ce. Yawancin filasma ba su san da wannan ba. Sai su ɗauka rabi-rabin ne, su tsaya haɗa hotuna biyu da ba su da alaƙa, hoto ya dushe, jinkiri ya shigo.

Mafi araha shi ne ka jona kai tsaye, in talabijin ɗinka tana da ramin AV mai ruwan ɗorawa, ko SCART mai ƙafa 21 da ake samu a bayan talabijin ɗin gwanjo masu zuwa daga Turai. Gwada wannan tukuna, wata talabijin takan ba da mamaki. Wayar eriya dai ka bar ta sai in babu yadda za a yi, ita ce mafi munin hoto. Spectrum 48K da ita kaɗai ta zo, amma mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya zagaye akwatin eriyar da ke ciki ya fito da siginar AV ta ramin nan dai.

Sai ƙananan akwatunan nan masu juya AV ko SCART zuwa HDMI, waɗanda suka cika shagunan intanet. Da irinsa na fara, kuma ba na ba kowa shawararsa. Na kunna Commodore 64, shuɗin allonta ya fito, amma kalmar READY ta yi kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen yatsa, gefen haruffa na ta rawa. Da na sa wasa, sai in danna tsalle, ɗan mutumin ya ɗan dakata kafin ya tashi. Hoto ɗaya daƙiƙa 0.02 yake ɗauka. A tara uku ko huɗu na jinkiri, hannu zai ji ko ido bai gani ba. Don faifan DVD aka yi akwatunan, kuma kuskuren da filasma ke yi shi suke yi.

Masu Commodore 64 su lura da kyau: ba ta fitar da RGB, wato siginar ja da kore da shuɗi daban-daban, ko kaɗan. Mafi kyawun abin da take bayarwa shi ne haske daban, launi daban, wato S-Video, ta zagayayyen rami mai ƙafa 8. Na farkon fitowa masu ƙafa 5 ba su da launin daban, sai AV. A nan akwatin RetroTINK 2X ya isa: yana karɓar S-Video, ya ninka kowane layi biyu nan take, babu jinkirin da za a ji. Ka nemi wayar da aka sa wa rizisto a layin launi, saboda launin wannan kwamfuta ya fi ƙa'ida ƙarfi, yakan bar zanen dara-dara a kan allo.

Amiga kuwa RGB take fitarwa ta rami mai ƙafa 23, kuma a nan akwatin OSSC ke nuna kansa. Layi-layi yake aiki, ba ya ajiye hoto, saboda haka kaifinsa da saurinsa sai wanda ya gani. Aibinsa biyu ne. Ba ya karɓar AV ko S-Video, to mai Commodore 64 da ya saye shi ya sayi abin ajiya. Kuma yadda kwamfuta ta ba shi lokaci haka yake miƙawa, wasu talabijin sai su ƙi karɓa idan an ninka layi huɗu ko biyar. Wanda ba ya tsoron buɗe inji yana da RGBtoHDMI, ƙaramin allo da ke aiki da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi Zero, yana ɗebo hoton daga ƙafafun Denise, guntun hoto na Amiga, tun yana lambobi. Ban ga hoton Amiga da ya kai nasa tsabta ba, sai dai inji ɗaya kawai zai yi wa hidima.

In kana da kwamfuta fiye da ɗaya, ni RetroTINK 5X Pro zan ce ka tara wa kuɗi. Ya fito a 2021, a lokacin kuɗinsa wajen dala 300, yana cin SCART da S-Video da AV duka, ya fitar da 1080p da kusan kowace talabijin ke karɓa. RetroTINK 4K da ya fito a dala 750 ya fi shi, amma sai mai allon 4K da ke son kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin zai ga inda kuɗin ya tafi.

Abu ɗaya ya zo mana da sauƙi: Najeriya tsarin PAL irin na Turai take bi, don haka talabijin ɗinmu sun san hoto 50 a daƙiƙa, ba kamar wasu allunan kwamfuta da ba sa karɓar ƙasa da 60 ba. In injin daga Amurka ya zo, wutar 110 yake ci, kada ka soka shi a bango ba tare da na'urar rage wuta ba. Tsohuwar tiransifomar Commodore 64 ma a auna ta da mita kafin a jona, domin idan ta tsufa takan wuce bolt 5 ta ƙona ƙwaƙwalwar injin. Bayan an haɗa komai, shiga saitin talabijin ka kunna yanayin wasa, ka mayar da faɗin hoto 4:3, ka bar baƙin da ya rage a gefe biyu yadda yake.