Sharhi kan littafin jagora na FAA don jarrabawar sarrafa jirgi maras matuƙi

Duk wanda yake son neman kuɗi da ƙaramin jirgi maras matuƙi a Amurka, ko ɗaukar hoton biki ne ko duba gonaki da rufin gine-gine, wajibi ne ya mallaki takardar shaida a ƙarƙashin dokar da ake kira Sashe na 107, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Agusta, 2016. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta wallafa littafin jagora mai lamba FAA-G-8082-22 domin masu shirin jarrabawar samun wannan shaida, kuma ana sauke shi kyauta daga shafinta na intanet. A ganina littafin ya cancanci a karanta shi daga farko har ƙarshe, amma wanda ya dogara da shi kaɗai ya sa kuɗinsa cikin haɗari.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin dala 175 ake biya a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin PSI, a amsa tambayoyi 60 cikin awa biyu, kuma sai da kashi 70 cikin ɗari ake ci, wato amsoshi 42. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 14 sannan ya sake biya.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne babin yanayi. Ya yi bayani dalla-dalla kan yadda zafi da tudun wuri da danshi suke rage kaurin iska, har farfela ta kasa ɗaga nauyin da ta saba ɗagawa, sannan ya warware rahoton yanayi na filayen jirgi da ake kira METAR gaɓa-gaɓa, ta yadda jerin haruffa da lambobin da ke firgita sabon shiga za su zama magana mai ma'ana. Haka nan ya nuna cewa jirgi mai fukafukai idan ya karkata da digiri 60 wajen juyawa, nauyin da ke kan fukafukansa yakan ninka. Sashen da ya jero halaye biyar masu jefa matuƙi cikin hatsari, irin su raina doka da gaggawa da nuna jarumta, gajere ne amma yana da amfani ko bayan jarrabawa.

Rauninsa na farko yana babin dokoki, wanda kusan bai wuce tura mai karatu ya je ya karanta dokar da kansa ba. Ke nan dole mutum ya nemo ƙa'idojin da ake yawan tambaya: nauyin jirgi ƙasa da fam 55, tashi bai wuce ƙafa 400 daga ƙasa ba, gudu bai wuce mil 100 a awa ba, ido ya iya hangen mil 3, a kuma bar tazarar ƙafa 500 a ƙarƙashin gajimare. Bugu da ƙari, an rubuta shi a 2016, alhali a Afrilun 2021 aka halatta tashi da dare da sharaɗin fitilar da ake hange daga mil 3, aka kuma shigo da tsarin da ke tilasta wa jirgi ya riƙa sanar da lambarsa da inda yake.

Na biyu, kuma mafi tsanani, shi ne taswirar sararin samaniya. Littafin ya bayyana rukunan sararin samaniya na B da C da D da E da G, sai dai karanta taswira aiki ne na yawan gwaji, shi kuwa babu tambayoyin gwaji a cikinsa. Alal misali, kusa da alamar hasumiya akwai lambobi biyu, ɗaya tsayinta daga matakin teku, ɗaya kuma cikin baka tsayinta daga ƙasa, kuma rikita su kaɗai ya isa ya janyo asarar maki. Maganin wannan shi ne kundin taswirori mai lamba FAA-CT-8080-2H, wanda shi ma kyauta ne, kuma shi ake miƙa wa mutum a ɗakin jarrabawa.

Mai haƙurin karatu da ya haɗa littafin da wannan kundi da ainihin dokar ba ya buƙatar darasin intanet na kuɗi, amma wanda bai taɓa ganin taswirar jiragen sama ba zai fi samun sauƙi da malamin da zai nuna masa a bidiyo. Mai karatu daga Najeriya kuma ya sani cewa shaidar FAA ba ta ba shi izinin aiki a gida ba, domin a nan izini yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.