Sharhi a kan faifan fursunonin Angola da Robert Pete Williams

Wata biyu ke nan da na sayi faifan Angola Prisoners' Blues ta intanet na sauke shi a waya, kuma na ƙi rubuta komai a kansa sai da na jarraba shi a cikin mota, da wurin aiki, da kuma cikin dare bayan gida ya yi tsit. A mota ɓata lokaci na yi, domin ƙarar inji tana cinye muryoyin gaba ɗaya. Sai da na sa abin sauraro a kunne, babu mai yi mini magana, sannan na gane abin da na saya.

Angolar da ake nufi a nan babban gidan yari ne na jihar Luwiziyana a Amurka, wanda aka kafa a kan tsohuwar gonar bayi mai faɗin eka 18,000. A can ne Harry Oster, malami a jami'ar jihar da ke Baton Rouge, ya shiga da na'urar ɗaukar murya a shekarar 1959 ya naɗi waƙoƙin fursunoni, daga baya kamfanin Arhoolie ya sake fitar da su. Manyan mawaƙan faifan uku ne. Hogman Maxey da Guitar Welch sun iya hannunsu, musamman Maxey mai dukan jita da ƙarfi kamar yana jin haushinta, amma saboda na ukun, Robert Pete Williams, nake wannan rubutu.

An haife shi a garin Zachary a 1914, iyayensa masu noma gonar wani ne a raba amfani, bai yi makaranta ba, kuma jitarsa ta farko da akwatin sigari ya harhaɗa ta. A 1956 ya harbe wani mutum a gidan rawa, ya ce kare kansa ya yi, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Wanda ya saba da kiɗan blues irin na B.B. King zai ɗan rikice da farko, domin Williams ba ya bin tsarin nan da aka sani na sauya sauti a wurare ƙayyadaddu. Yakan tsaya a kan sauti guda yana zagaya shi, yatsunsa suna bin muryarsa duk inda ta nufa, baitin ya yi tsawo ko ya gajarta gwargwadon abin da ke ransa. Ni dai kunnena da ya saba da gurmi bai ga baƙon abu a nan ba.

Waƙar da ta riƙe ni ita ce Prisoner's Talking Blues, wadda rabinta ma magana ce a hankali a kan kiɗa. Yana cewa ƙarfinsa na raguwa kullum, furfura ta fara fito masa tun da ya shigo gidan, kuma damuwa ce ta jawo. Ya ambaci 'yar'uwarsa da ta zame masa uwa, ta tsaya masa har ƙarshen shari'a. Sai kuma ya faɗi abin da ya sa na dakatar da faifan na yi shiru: wai ta wani ɓangaren ya ji daɗi da mahaifiyarsa ta riga ta rasu, domin tana da ciwon zuciya, da ba za ta iya ɗaukar wannan masifa ba. Babu kuka a muryar, babu neman tausayi, kamar mutum ne yake yi wa kansa lissafi.

Dole in faɗa wa mai niyyar saye cewa Turancinsa na ƙauyen kudancin Amurka ne, mai nauyi ƙwarai, kuma sai da na maimaita wasu baitoci sau huɗu ko biyar kafin na kama su. Ɗaukar ma ta gidan yari ce, ba ta ɗakin naɗar waƙa ba, don haka kada a sa ran sauti mai sheƙi.

Oster ya taimaka aka saki Williams daga gidan yari, amma sakin na jeka-na-yi-ka ne, domin an miƙa shi ga wani manomi yana yi masa aiki, ba shi da izinin barin jihar. Sai a 1964 ya sami cikakken 'yanci, ya hau dandalin bikin waƙa na Newport, sannan ya zagaya Turai a 1966. Mawaƙin rock Captain Beefheart da ƙungiyar mawaƙan The Black Keys duk sun rera waƙarsa Grown So Ugly, amma da yawa daga masu sauraronsu ba su san mai ita ba. Shi kuwa da sana'ar tara tsofaffin ƙarafa ya riƙa ciyar da iyalinsa, har ya rasu a Rosedale ranar 31 ga Disamba, 1980. Yanzu faifansa na 1961, Free Again, nake shirin saye, domin a can ne ainihin Grown So Ugly take.