Tangaran, Tayil da Wuƙar Siramik: Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Abin da ya bambanta kayan yumɓu da juna shi ne irin ƙasar da zafin wutar da aka gasa su. Tukunyar ƙasa da faranti mai araha ana gasa su ne a digiri 1,000 zuwa 1,150 na Salshiyos, shi ya sa suke shan ruwa. Tangaran na ainihi kuwa da farar ƙasa ake yinsa, wutarsa kan kai 1,400 har jikinsa ya haɗe kamar gilashi. Ɗaga faranti marar kauri wajen fitila, in tangaran ne haske zai ratsa shi. Ƙwanƙwasa bakinsa da farce, mai lafiya yakan yi amo mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ka ji "kwaf".

A wajen tayil mutane suka fi yin asara, don ado kawai suke bi. Juya bayansa ka ɗiga ruwa. In ya shanye nan take, bar wa bango shi. Wanda ruwan ya tsaya a kansa shi ne na daɓen banɗaki da waje, domin bisa ƙa'ida tayil ɗin tangaran ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Mai sheƙi sosai dai, komai kyansa, kada ka shimfiɗa inda ruwa ke zuba. Santsi gare shi.

Siramik na zamani, irin na wuƙa da kan famfo, babu yumɓu a cikinsa, garin alumina ne ko zakoniya, wasu sinadarai masu tauri sosai, ake matsewa a gasa. Farar wuƙar nan irin ta kamfanin Kyocera zakoniya ce: ba ta tsatsa, kaifinta na daɗewa fiye da na ƙarfe. Amma tauri daban, juriya daban. Ta haɗu da ƙashi ko ta faɗi ƙasa, bakinta na iya ɓallewa, kuma dutsen wasa wuƙa ba ya cinta sai mai daimon. Ni a ganina wuƙa ta biyu ce, ta ƙarfe za ka fara saya.

Inda alumina ya cancanci kuɗinsa shi ne cikin kan famfo. Faifai biyu ne a ciki masu goga juna, sun fi robar da aka saba daɗewa kafin famfo ya fara ɗiga.

Kaskon suya da aka rubuta wa siramik kuwa, galibi alminiyon ne da siririn shafe a sama. Wuta mai yawa da cokalin ƙarfe suna saurin cinye shafen.