Spider-Man ko Ms. Marvel: wanne ya fi dacewa da yarinya 'yar shekara 13?

Hajiya, kin tambaya daga Garwa wanne za ki saya wa 'yarki mai shekara 13 tsakanin waɗannan littattafan labari cikin zane guda biyu, tunda ba ta taɓa karanta irinsu ba. Dukansu na kamfanin Marvel ne na Amurka, an yi su don jawo sababbin masu karatu, kuma akwai fassararsu ta Faransanci daga kamfanin Panini, wadda za ta fi mata sauƙi.

Spider-Man tsohon jarumi ne, tun 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi, amma wanda ake ba yara shi ne Ultimate Spider-Man, da aka soma a 2000, inda aka mayar da Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, ɗan shekara 15 aka sake labarin daga tushe. Maraya ne a hannun kawunsa Ben da matarsa May, kuma nadamar mutuwar kawun ce ke tafiyar da shi. Soyayya ta yi yawa a ciki, har fitowa ta 13 gaba ɗayanta babu faɗa ko ɗaya, shi da Mary Jane, yarinyar da yake so, ne kawai a ɗakinsa yana tona mata asirinsa. Ga kuma tsawo, fitowa 133 ne, abin da zai wahalar da aljihu.

Littafin Ms. Marvel mai ɗauke da labarin Kamala Khan ya fito a 2014, G. Willow Wilson ce ta rubuta, kuma zubin farko fitowa 19 ne kacal. Kamala Khan, wato Ms. Marvel ɗin, Musulma ce 'yar shekara 16, iyayenta 'yan asalin Pakistan, suna zaune a birnin Jersey. A nan nake ganin bambancin yake, domin iyayenta suna raye, suna sa mata ido, tana da yaya mai riƙon addini, tana zuwa masallaci, kuma damuwarta ita ce yadda za ta taimaki jama'a ba tare da ta ci gaba da yi wa mahaifiyarta ƙarya ba. Yarinyar da aka hana fita bayan magariba za ta gane wannan ba sai an yi mata bayani ba. Kayan jarumtarta ma daga rigar ninƙaya mai rufe jiki ta haɗa su.

Sai dai kada ki ɗauka littafin wa'azi ne. Kamala ba ta sa hijabi, ƙawarta Nakia ce ke sawa, kuma a fitowar farko ta sulale ta taga zuwa wani biki da dare, inda aka miƙa mata lemo gauraye da giya, ta kurɓa ta tofar da ta gane. Ni dai Kamala zan zaɓa mata, amma ki fara duba kundin farko da kanki kafin ki miƙa mata.