Wata takwas da manifol ɗin alminiyam a Golf GTI, daga ƙarshe na mayar da na roba

Motata Golf GTI ce ƙirar 2012, 'yar Amurka da ta biyo ta Kwatano. Injinta lita 2 ne mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, irin wanda Volkswagen ke kira TSI, kuma ƙarfin doki 200 aka rubuta mata daga kamfani. Shekara uku ina zirga-zirga da ita tsakanin Kaduna da Zariya, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ranar da na yanke shawarar canja mata manifol babu abin da ya lalace a jikinta. Son zuciya ne, da yawan kallon bidiyon motoci bayan sallar isha.

Ga wanda bai saba buɗe bonet ba, manifol ɗin iska shi ne tukunyar nan da ke manne a gaban inji. Iska tana wuce bakin totur ta taru a cikinsa, sannan ta rabu ta bututu huɗu zuwa silinda huɗu. Na kamfani baƙar roba ce mai tauri. Wanda na yi oda daga wani kamfani a Amurka na alminiyam ne, cikinsa ya fi faɗi, bututunsa sun fi buɗewa, yana ƙyalli kamar sabon kwanon amarya. Da kuɗinsa da na jirgi da na kwastan ya ci min sama da dala 1,000. Uwargida har yau rabin wannan kuɗin ta sani.

A Panteka aka ɗaura shi, garejin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa motocin Jamus. Aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne sai da ya ci kwana biyu, domin wani tiyo bai kai ba, wani ƙarfen riƙo kuma sai da aka ɗan lanƙwasa shi. Amma abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne tun kafin a kwance sabon daga kwali. Da bakaniken ya zare tsohon manifol, sai ya kunna fitilar wayarsa ya haska cikin ramukan da iska ke shiga kan inji, ya ce in leƙa. Bayan bawul ɗin duk ya yi baƙi ƙirin, wani abu mai danƙo ya daskare a kai kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a murhu. A silinda ta biyu hanyar ta ƙuntace sosai. Ya sa bakin sukundireba ya ɗan kankaro, ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce: "Alhaji, tukunyar da ka sayo tana da kyau. Amma kwalbar da bakinta ya toshe, ba ƙanƙantar cikinta ce damuwarta ba."

Wannan dauɗa halin irin waɗannan injuna ne. Fetur kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi kamar a tsofaffin motoci, shi ya sa tururin baƙin mai yake taruwa a wurin shekara da shekaru. A Turai da Amurka da garin ɓawon walnot ake feshe wurin. Nan kuwa yaron bakaniken ne ya zauna da maganin wanke kafireto da buroshin haƙori da siririyar waya, oga yana juya inji da sufana don bawul ya rufe kafin a taɓa kowane rami. Tun azahar har aka kira magariba suna kai. Kuɗin wannan aikin bai kai na cika tanki sau biyu ba.

Da na fito da motar ta canja, babu ƙarya. Tana amsa totur da wuri, ƙaramin inda-indan da take yi in na taka daga ƙasa ya ɓace. Na yi ta yabon manifol a majalisa har abokai suka gaji da ni.

Sai hunturu ya shigo. A cikin kowane bututu na manifol ɗin kamfani akwai 'yar ƙofa. In inji yana da sanyi ko yana juyi a hankali, ƙofofin suna tsuke hanyar, iska ta shiga da gudu tana birgima, ta gauraya da fetur da kyau. In juyin inji ya kai wajen 3,000 a minti sai su buɗe gaba ɗaya. Manifol ɗina ba shi da su. Dole aka sake wa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, bayani don ta daina neman su, in ba haka ba fitilar inji za ta kama, na'ura ta nuna lambar P2015, wadda duk mai irin wannan injin ya san ta. Fitilar dai ba ta kama ba, amma gyaran bayani ba ya mayar da birgimar iskar da aka rasa. Ƙarfe bakwai na safe a watan Janairu, yara sun shiga za a kai su makaranta, in tayar da mota sai silo ya riƙa hawa da sauka, sitiyari yana kakkarwa a hannuna minti ɗaya ko biyu. Wata safiya uwargida ta tsaya a bakin get da mayafi ta ce, "Abban Ummi, wannan ce motar da aka kai gyara?" Ban tanka ba. Mai ma ta ɗan ƙara sha a cikin gari, ba da yawa ba, amma a farashin yanzu ko ɗan kaɗan ana jin sa.

Zafi ya zo da nasa. Roba ba ta ɗaukar zafi da sauri, alminiyam kuwa ai da shi ake ƙera tukunya. A watan Afrilu, bayan rabin awa a gosulo wajen Kawo, na taɓa buɗe bonet na ɗora hannu a kansa, sai da na yarfe. Zan yi adalci: in mota tana gudu, iska ba ta daɗewa a ciki har ta kwashi zafin kirki. Matsalar tana tasowa ne in an daɗe a tsaye sannan hanya ta buɗe, sai ka ji motar ta yi nauyi na ɗan lokaci. Iska mai zafi kuma ga fetur ɗinmu, wanda kala ɗaya ne a kusan kowane gidan mai alhali injin mai tsada aka so a ba shi, da zarar ƙwaƙwalwa ta ji alamar ƙwanƙwasa sai ta ja wutar filogi baya don kare inji. Ƙarfin da ka biya kuɗi don samu, nan yake zurarewa.

Abin da na ƙi fahimta tun farko shi ne bambancin injin da ke zuƙar iska da kansa da wanda ake ɗura masa. Injin da ba shi da turbo iyakarsa matsin iskar sararin Allah, wajen bar 1 a ma'aunin matsi, don haka tsawon bututu da faɗin tukunya suna da tasiri ƙwarai: dogayen bututu su ba da ƙarfin tashi, gajeru su ba da ƙarfi in juyi ya yi sama. Mai turbo kuwa tura masa ake yi. A motata wanda ke fara gajiya shi ne ƙaramin turbon kamfani, da juyi ya wuce 5,500 za ka ji numfashinsa ya soma ƙarewa, kuma daidai nan ne babban manifol ya kamata ya fara nuna kansa. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwar motar tana da adadin iskar da take nema. In ka sauƙaƙa wa iska hanya, ba gode maka za ta yi ta ƙara ƙarfi ba, rage wa turbo aiki kawai za ta yi ta tsaya a adadinta.

Ina da 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya. Da ita nake auna lokacin da motar ke ɗauka daga 40 zuwa 100 a giya ta uku, wuri ɗaya a hanyar Zariya bayan an wuce Jaji, da sassafe. Na auna kafin aikin, na auna da na alminiyam, ya fi na da. Bayan wata takwas na gaji da kakkarwar safiya na koma Panteka aka mayar da tsohon na roba da sabon gaskit, na sake aunawa. Lokacin bai koma na da ba, ya tsaya inda yake da na alminiyam. Bambancin da ke tsakanin gwajin Litinin da na Talata ma ya fi wanda ke tsakanin manifol ɗin biyu. Ashe duk yabon da na yi ta zubawa a majalisa na yaron nan mai buroshin haƙori ne.

Shekara guda kafin duk wannan na sa an gyara wa ƙwaƙwalwar motar lissafi don turbo ya ƙara turi. Kuɗin bai kai na manifol ba, kuma tun a shataletalen farko na ji bayana ya manne da kujera. Shi ne ma'aunin da nake gwada kowane kaya da shi yanzu, kuma a kansa kwalliyar manifol ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba na cewa kayan banza ne. Ƙirarsa tana da kyau, fuskar da ke haɗuwa da kan inji sumul take, bai taɓa yoyon iska ba sai ranar da ni da kaina na bar wani kilif a sake. Yana da ramuka na musamman ga mai son ƙara injekta ko feshin ruwa da metanol, kuma ƙarfe ba ya tsoron matsin da zai iya tsaga roba. Wanda ya cire turbon kamfani ya ɗora babba, ya canja intakula (abin da ke sanyaya iskar da turbo ke turowa) da salansa, yana kai juyi 7,000, shi aka ƙera wa wannan. Ko masu sa turbon K04 irin na Golf R da yawansu da manifol ɗin roba suke tafiya lafiya lau. Wanda kuma nasa ya tsufa, ƙofofin suka saki har P2015 ta fito, sabon irin na kamfani ya fi masa araha nesa ba kusa ba, kuma in an cire tsohon ya tsaya a kansu sai sun wanke bawul.

Nawa yana cikin kwalinsa a saman durowa. Wani yaro daga Abuja mai babban turbo ya taya rabin kuɗi, na gaya masa labarin safiyar hunturu, ya ce shi ba ya kai yara makaranta. In ya ƙara wani abu zan sallama, in cika in sayi babban intakula kafin Maris.